Wata Tara Ina Neman Miji a Waya

Shekara biyu da rabi na yi ina zawarci a gidan mahaifina da ke Tudun Wada a Kaduna kafin in yarda in sa sunana a manhajar neman aure, kuma ko a lokacin ba don abin ya kwanta mini a rai ba ne, sai don na ga hanyoyin da aka saba bi suna toshewa ɗaya bayan ɗaya. Ni malamar makarantar sakandare ce, shekaruna 34 a lokacin, ina da 'ya ɗaya, kuma zirga-zirgata ba ta wuce daga gida zuwa makaranta, daga makaranta zuwa Islamiyyar yamma. Waɗanda suka yi sallama da ni bayan na gama idda mutum uku ne kacal: biyu sa'annin Baba ne, na ukun kuwa ya zo zance sau huɗu bai taɓa tambayar ko sunan 'yata ba. Wata abokiyar aikina ce ta kawo maganar a ɗakin malamai, na yi mata dariya, bayan mako biyu kuma na koma ina tambayarta yadda ake yi. Daga Janairu zuwa Satumba na 2024 na gwada hanyoyi huɗu, kuma saboda ɗabi'ar malanta na riƙa rubuta duk kuɗin da na kashe da duk mutumin da muka yi magana da shi a bayan wani tsohon littafin shirya darasi. Da wannan littafin a gabana nake ba da labarin nan. Ba zan ambaci sunan ko ɗaya daga wuraren da na gwada ba, domin abin da ya same ni a cikinsu ba lalle ne ya sami wata ba.

Kafin in taɓa komai sai da na sanar da Yayana, wanda Baba ya wakilta a kan al'amurana tun da ciwon ƙafa ya zaunar da shi. A mazhabar Malikiyya da muke bi aure ba ya ɗauruwa sai da waliyyi da sadaki da shaidu, kuma bazawara, ko da yake ba a aurar da ita sai ta furta yardarta da bakinta, ba ita ke aurar da kanta ba. Saboda haka ban ga hikimar ɓoye abin ga mutumin da a ƙarshe shi zai zauna a gaban liman ba. Ya daɗe yana juya makullin babur ɗinsa a hannu kafin ya ce, "Ba zan hana ki ba, amma da sharaɗi biyu. Ba za ki je ki haɗu da kowa a waje ba, kuma duk wanda ya kai mako biyu yana magana da ke, ki ba shi lambata." Na ce, "To, Yaya, na ji." A ranar na ɗauki sharaɗin na biyu a matsayin takura, ban san shi ne zai zama mudun da zan auna kowace hanya da shi ba.

Wannan kasuwa ta neman aure a intanet ta daɗe tana ci a ƙasashen da suka ƙirƙiro ta. Shafin Match.com ya fara aiki a Amurka tun 1995, eHarmony ya biyo baya a 2000 da tsarinsa na doguwar takardar tambayoyi wadda ake amfani da amsoshinta a haɗa mutane, sannan Tinder da ta fito a 2012 ta zo da salon da yanzu kusan kowa ya kwaikwaya, wato a nuna maka hoton mutum, in ya yi maka ka ja shi dama da ɗan yatsa, in bai yi ba ka ja shi hagu, kuma ba a buɗe muku ƙofar magana sai ku biyun kun zaɓi juna. Bumble da aka kafa a 2014 ta yi suna da ƙa'idar cewa mace ce ke fara magana. Musulmi ma sun kafa nasu: SingleMuslim ya fara a Ingila a 2000, Muzmatch ta Shahzad Younas ta fito a matsayin manhaja a 2015, kuma ta koma Muzz a 2022 bayan wata kotu a Landan ta ba kamfanin Match Group, mai Tinder da Hinge, gaskiya a shari'ar da suka yi kan sunan. Akwai wasu irin su Salams da Muslima. Kusan dukkansu hanyar samun kuɗinsu ɗaya ce: shiga kyauta ne, amma ganin waɗanda suka zaɓe ka, da tace mutane yadda kake so, da ɗaga sunanka sama don a riƙa ganinka, duk sai ka biya kuɗin wata. Na daɗe ban fahimci abin da wannan ke nufi ba. Kamfanin yana cin riba ne muddin kina ciki kina nema, ranar da kika yi aure kuwa ya rasa abokiyar ciniki.

Ta farko da na sauke manhajar kowa da kowa ce, ba ta Musulmi kaɗai ba, kuma ba ta cancanci dogon bayani ba. Ban biya ko kwabo ba, ban kuma samu komai ba. Mafi yawan waɗanda ke cikinta a Kaduna ba aure ya kawo su ba, wasunsu ma sun rubuta hakan ƙarara, abin da na yaba musu a kai duk da cewa ya tsayar mini da gashi. Abin da ya kore ni shi ne yadda take aiki da wurin da wayarka take: tana fara nuna maka na kusa da kai, su ma tana nuna musu kai. A mako na uku sai ga fuskar wani yaro da na koyar a aji uku na babbar sakandare shekaru biyar da suka wuce, an rubuta a ƙarƙashin hotonsa cewa tazarar da ke tsakaninmu kilomita biyu ce. In na gan shi, to ba abin da zai hana ya gan ni. A daren na goge sunana.

Ta biyu, wadda aka yi don Musulmi masu neman aure, ita ce na fi daɗewa a kanta kuma ita ta fi cin kuɗina. A gaskiya tsarinta ya burge ni da farko. Ta ba ni damar dusashe hotona ta yadda ba mai ganin fuskata sai wanda na buɗe wa, ta sa na ɗauki hoton kaina nan take don ta tabbatar ni ce a hotunan da na saka, kuma akwai wurin da mace za ta sa waliyyinta ya riƙa samun kwafin hirarrakinta, abin da na yi ba tare da na jira Yaya ya nema ba. Tambayoyinta sun taɓa addini: ko ina tsayar da salla, ko ina sa hijabi, ko ina cin halal kawai. Wannan ta ƙarshe ta ba ni dariya, domin tambaya ce ta wanda ke zaune a Birmingham, ba ta wadda ke sayen nama a kasuwar Tudun Wada ba, kuma daga nan na fara gane cewa an ɗinka rigar ce da awon wasu mutane. Abubuwan da duk wata uwa a Kaduna za ta fara tambaya ba su da gurbi a takardar. Ba a tambayi asalin mutum ba, ba a tambayi unguwarsu ko masallacin da yake salla ba, ba a tambayi nau'in jininsa ba, ba a kuma tambayi ko yana Izala ko yana Ɗarika ba, alhali kowa ya san aure nawa wannan bambancin ya hana ɗauruwa a garin nan.

Bayan kwana goma manhajar ta sanar da ni cewa mutum goma sha bakwai sun zaɓe ni, ta nuna mini inuwarsu, ta ce sai na biya zan ga ko su wane ne. Kuɗin da dala ake lissafa shi, kuma lokacin ya zo daidai da faɗuwar naira: tun da aka saki farashinta a watan Yuni na 2023 take gangarawa, har a watan Fabrairu na 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Katin bankina na naira ba ya biyan kuɗin waje a lokacin, sai ƙanin abokiyar aikina ne ya buɗe mini katin dala na intanet ya zuba kuɗin. Wata uku ya ci mini kusan naira 45,000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan yake naira 30,000, domin sai a watan Yuli na shekarar aka mayar da shi naira 70,000. Da labulen ya yaye, sai na tarar goma sha ɗaya daga cikin goma sha bakwai ɗin ba sa ma Nijeriya, huɗu suna Legas, biyu suna Abuja. Na taƙaita nisan zuwa kilomita 80 don ya haɗa da Zariya, sai mutane suka ƙare a cikin minti biyar. Na faɗaɗa shi ya kai Abuja da Kano, sai aka samu ɗan yawa, amma fuskoki guda ne ke ta dawowa. Kuɗin ya yi abin da aka ce zai yi, ba zan yi wa kamfanin ƙarya ba, sai dai ba zai iya ƙirƙiro mazajen da babu su a garin ba.

A wata ukun nan, wanda azumi ya faɗo a cikinsa, littafina ya nuna cewa na yi doguwar magana da mutum 23. Wasu suna da ladabi da ilimi, akwai wanda muka yi mako guda muna musu a kan tarbiyyar yara kuma na ƙaru da shi. Amma da mako biyu ya cika na tura lambar Yaya, sai abin ya zama kamar an watsa wa kaji tsakuwa. Wasu suka ce na cika gaggawa, wasu suka ce sai mun ƙara fahimtar juna, wani ya ce sai na fara buɗe masa hoto marar hijabi, mafi yawa kuwa shiru kawai suka yi. Mutum huɗu ne suka karɓi lambar da fara'a, ɗaya ne ya kira.

Wanda ya kira ɗin ma'aikaci ne da ya ce yana zaune a Malali, ya rabu da matarsa shekara uku, yana riƙon 'ya'yansa biyu shi kaɗai. Fuskarsa tana da alamar tantancewa ta manhajar, kuma da muka yi kiran bidiyo a gaban Yaya shi ɗin ne ba wani ba. Yaya ya hau babur ranar wata Asabar ya je layin da ya kwatanta, ya sayi katin waya a wurin mai shagon bakin layi, ya zauna a benci suka yi hira. Bai kai rabin awa ba ya samu labarin cewa mutumin yana da mata biyu a gidan, ta biyun ma ko shekara ba ta yi da tarewa ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne ni da kaina na rubuta a bayanina cewa ba na ƙin zama da abokiyar zama, wato da ya faɗi gaskiya da ba abin da zai rasa. A nan na gane iyakar wannan tantancewar da ake tallatawa: tana tabbatar da cewa fuskar ta mai wayar ce, amma abin da bakin ya faɗa ba ruwanta da shi. Na goge manhajar daga wayata cikin fushi, ban san cewa goge ta daban, dakatar da biyan kuɗin daban ba, sai da wata ya zagayo aka cire ragowar dalolin da ke katin a matsayin kuɗin wata na huɗu.

Hanya ta uku ita ce ta fi arha kuma ita ta fi cutar da ni. Shafi ne a Instagram, irin waɗanda suka cika yanzu, inda ake wallafa bayanin masu nema da Hausa ba tare da suna ba, sai lamba: bazawara ce, shekara kaza, fara ko baƙa, tana Kaduna, tana neman mai addini da sana'a. Na tura bayanina ga mai kula da shafin, na biya naira 3,000, ya ce in haɗa da hoto ɗaya wanda zai ajiye a wurinsa kawai don shaida. Duk namijin da ya ga bayanin ya yi masa, shi ma zai biya a ba shi lambar wayata. Ba a tambaye ni wata shaida ba, kuma daga baya na tabbatar su ma mazan ba a tambayarsu komai sai shaidar biyan kuɗi. A kwana uku wayata ta koma kamar ta mai sayar da data, ana kira har ƙarfe ɗaya na dare.

A cikinsu ne wani ya fito daban. Ya ce injiniya ne ɗan asalin Zariya da ke aiki a Ƙatar, matarsa ta rasu, yana son dawowa gida ya yi aure. Ba ya kira, rubutu kawai yake yi, kullum da asuba da addu'o'i masu tsawo, kuma hotunansa na mutum ne kamili da hular kwano a wurin aiki da kuma jallabiya a masallaci. Abin da ya fara tsaya mini a rai Hausarsa ce. Kalmomin daidai suke, amma yakan rubuta mini "ina fata kana lafiya", wani lokaci ya haɗa "ka" da "ki" a jimla ɗaya, kuskuren da ko yaron firamare a Zariya ba zai yi ba, amma na'urar fassara tana yinsa kullum, saboda Turancin da take fassarawa daga gare shi bai bambanta mace da namiji a wannan gurbin ba. Na nemi mu yi magana da murya ya ce dokar kamfaninsu ta hana. A rana ta goma sha biyu ya ce ya aiko mini da akwati mai ɗauke da waya da sarƙar zinari da atamfofi, washegari kuma wata mata ta kira ta ce daga filin jirgin sama na Legas take, kayana sun iso, sai an biya naira 85,000 kuɗin fito a wani asusu mai sunan mutum, ba na hukuma ba. Na sa hoton nasa a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya fito a intanet, sai ga shi a shafin wani bawan Allah ɗan wata ƙasa dabam mai wani suna dabam, wanda na tabbata bai san ana yawo da fuskarsa ba. Wannan ita ce tsohuwar damfarar nan da ta samo sunanta daga sashe na 419 na kundin laifuffuka, wadda aka yi mata doka ta musamman a 2006 kuma hukumar EFCC ke bin masu yinta, an dai sanya mata rigar neman aure ne. Ban tura ko sisi ba, amma ba zan ɓoye cewa na yi kwana goma sha biyu ina ɗokin saƙon asuba ba.

Wanda ya fi wannan ciwo ya zo bayan mako biyu, lokacin da 'yar Goggona da ke Rigasa ta turo mini hoton da na ba mai shafin, ta ce a wani zauren WhatsApp ta gan shi, an haɗa da bayanina da lambata. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa, akwai kuma hukumar da aka ɗora wa alhakin hakan, kuma manyan manhajojin, duk abin da za a ce a kansu, suna da maɓallin goge asusu da adireshin da za a kai ƙorafi. Mai shafin nan ba shi da ofis, ba shi da suna, ba shi da adireshi. Na rubuta masa cikin ladabi, ya toshe ni. Dole na canza layin da na yi shekara tara ina amfani da shi, na kuma yi wa Baba bayani da bakina kafin ya ji a bakin wani.

Ta huɗun Goggo ce ta kawo ta, bayan ta gama yi mini faɗa. Wata Hajiya ce mai dalilin aure a Unguwar Sanusi, wadda ta yi shekaru tana wannan aiki da ƙafa gida-gida kafin 'ya'yanta su mayar mata da shi WhatsApp. Na tura mata saƙo, amsar farko da ta dawo ta murya ce: "'Yata, kafin ki gaya mini komai, turo mini lambar waliyyinki." Sai da ta yi magana da Yaya sannan ta turo takardar cikewa, na biya naira 10,000. Takardar shafi ɗaya ce da aka buga da kurakurai, amma duk abin da waccan manhaja mai kyan gani ta tsallake yana ciki: sunan mahaifi da garinsu, unguwa da sunan mai unguwa, masallaci, aure nawa aka yi a baya da dalilin rabuwa, mata nawa da 'ya'ya nawa, sana'a da inda ake yinta, nau'in jini, da kwafin takardar NIN. Hoto kuwa ba ta ba kowa ya ajiye, tana tura shi ne ta hanyar nan ta WhatsApp da ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace, kuma sai bayan ɓangarorin biyu sun ji bayanin juna sun amince. Na san mai niyyar ɓarna zai iya ɗaukar allon da wata wayar, amma ko banza ta nuna ta san darajar abin da aka ba ta.

Ita ma tana da nata aibin. Ba ta da sauri ko kaɗan, na yi mako shida ban ji ɗuriyarta ba, kuma mutanen da ke littafinta ba su kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na waɗanda ke manhaja ba. Na lura tana fifita mai abin hannu, wataƙila saboda tukwicin da ke biyo bayan ɗaurin aure ya fi kuɗin rajista nesa ba kusa ba. Ranar da na ƙi wani Alhaji mai mata uku ta ce mini, "'Yata, bazawara mai 'ya ba ta cika zaɓe ba." Na haɗiye maganar don girmanta, na ce, "Haka ne, Hajiya, amma a ƙara duba mini." Sai dai a wannan son tukwicin nata akwai abin da ya yi mini daɗi da na zauna na yi tunani: ita ribarta tana ranar da na bar littafinta, kuma in auren ya lalace saboda ƙaryar da ta rufe, gidanta sananne ne, mutuncinta ne zai zube a unguwa.

Bayan Babbar Salla ta haɗa ni da wani ma'aikaci da matarsa ta rasu, gidansa yana Kawo, yana aiki a Abuja, yakan biyo jirgin ƙasa ya sauka a Rigasa duk ranar Juma'a. Shi ya fara kiran Yaya kafin ya kira ni. Ya zo zance sau uku a zauren gidanmu, a zuwa na biyu ya kawo wa 'yata littafin zane da fensira masu launi, ya durƙusa ya tambaye ta ajinsu. Ba sai na faɗi abin da na ji a raina ba. Ni nau'in jinina AS ne, na sani tun ina jami'a, shi kuma ya rubuta AA a takardar Hajiya, ya nuna wata tsohuwar takardar gwaji da ta yi laushi a ninki. Yaya ya ce a sake, mu je tare, wuri ɗaya, rana ɗaya. Ba sabon abu ya nema ba, domin a watan Mayu na 2024 jihar Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin nau'in jini da ƙanjamau da ciwon hanta kafin aure, kuma limamai da yawa a Kaduna sun daɗe ba sa ɗaura aure sai sun ga takarda. Nijeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu amosanin jini a duniya, kuma lissafin ba ya canzawa: in AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba kamar yadda wasu ke ɗauka, kowane ciki lissafinsa sabo ne.

Ranar da sakamakon ya fito muna zaune a benci ɗaya a farfajiyar ɗakin gwajin, Yaya a tsakiyarmu. Ya buɗe ambulan ɗinsa ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya miƙa wa Yaya ba tare da ya dube ni ba. AS ne. Na yarda bai yi ƙarya ba, takardarsa ta farko ce ta yi kuskure, abin da ke faruwa a wuraren gwajin da ba su da inganci. Ya ce, "Malama, ni na taɓa jinyar ɗan ƙanwata mai sikila, ba zan jefa ki a wannan ba." Na ce, "Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri." Ya ce amin, ya yi wa Yaya sallama, ya tafi. Na yi kuka a cikin Keke Napep har muka iso gida. Da na gaya wa Hajiya ta yi salati, kuma tun daga lokacin, kamar yadda na ji, ta daina karɓar tsohuwar takarda daga kowa.

A tsakiyar Satumba ta sake kira. Wannan karon ɗan kasuwa ne mai shagon yadi a Kasuwar Barci, shekarunsa 46, kuma layin farko na bayaninsa ya ce yana da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, matar ta san yana nema. Bai iya dogon rubutu a waya ba, saƙonsa bai wuce gaisuwa da tambayar jikin Baba, kuma na tabbata da a manhaja na gan shi da na ja hotonsa hagu, domin an ɗauke shi ne a bakin shago rana tana dukan idonsa. Yaya ya yi sallar Magariba sau biyu a masallacin layinsu a Unguwar Mu'azu, ya yi magana da liman da maƙwabcinsa na jikin katanga, ya kuma je kasuwa ya tambayi waɗanda ke ba shi kaya bashi yadda yake biya. Goggo ta bi ta hanyar mata ta samo yadda yake riƙe da uwargidansa, wanda a wurina shi ne binciken da ya fi kowane nauyi. Gwaji muka fara yi kafin zuwansa na biyu, don ban yarda in sake sabawa da mutum kafin in ga takarda ba. Nasa AA ne, sauran gwaje-gwajen ma duk lafiya.

Magabatansa sun zo gaisuwa a watan Oktoba, aka yanka sadaki, aka sa rana. Mako guda bayan haka na je Unguwar Sanusi da turmin atamfa da goro da ɗan abin da ya sawwaƙa a ambulan, wanda shi ne karo na farko da na ga Hajiya ido da ido, ƙaramar tsohuwa da tabarau da wayoyi biyu a kan darduma. Ta sa jikarta ta ɗauko wani babban littafin rajista mai baƙin bango, ta lashi yatsa ta yi ta buɗe shafuka har ta iso kan sunana, na ga ta rubuta AS a gefensa ta zagaye shi sau biyu. Ta ɗauki jan biro ta ja layi a kai daga farko har ƙarshe, ta rubuta kwanan wata, sannan ta ɗago ta tambaye ni ko a makarantarmu akwai wata malama da ke zaune ba aure.